Yaya Sadiyatu, Mai Haɗa Layin Waya

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris 1978, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyata Sadiyatu Na'Allah a gidanta na Gawon Nama, bayan jinyar shekara biyu.

Yaya, shekara goma sha ɗaya kika yi a gidan waya kina haɗa layin masu kira. Ranar da na haihu, maigidana yana aikin hanya a Ikko, ke kika yi ta nemansa har kika same shi. Ni da na tsaya aji huɗu, ke kika gyara mini hannu, ga shi yau da shi nake rubuta ta'aziyyarki.

Da kika fara ramewa, cikinki ya kumbura ta hagu, likita a Zariya ya ce ciwon daji ne na jini. Ya ce cikin ƙwayoyin jini akwai wasu zaruruwa masu ba da umarni. Biyu suka tsinke, suka haɗe inda bai kamata ba, sai jinin ya yi ta haihuwar ƙwayoyi babu tsayawa. Kika dawo kina dariya, wai ke da ba ki taɓa haɗa layi ba daidai ba, ga layi biyu sun sarƙe cikin jikinki, ƙararrawa tana ta bugawa, babu mai kashe ta.

Ba ciwon ya fi damunki ba. Mutanen unguwa sun daina sayen furar ɗiyarki Kaltume, suna tsoron ɗauka, alhali da furar take ciyar da ƙannenta uku. Kwana biyu kafin ki cika kika riƙe hannuna kika ce:

“Dijatu, ki gaya musu cikina abin ya faro, cikina zai ƙare. Ba a ɗauka, ba a gado, ba wanda yay yi min.”

To, na gaya musu, Yaya. Ku shaida, jama'a: shekara biyu ƙwaryarmu ɗaya, ludayinmu ɗaya, kuma ga ni lafiya lau.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinki. Ina yi wa Malam Sule mijinki ta'aziyya, da ’ya’yanki, da dangi na Ƙofar Kware. Allah Ya ba mu haƙuri.

Bayan addu'ar bakwai Kaltume za ta sake fito da ƙwaryarta. Ni zan fara sha, a bakin ƙofa, inda kowa zai gani.

Dijatu Ɗahiru, Gawon Nama, Sakkwato