Baba Nuna-Min Zai Ajiye Makullan Zauren Zane

Kafin a buɗe ƙofar zauren baje kolin zane-zane, ya riga ya zagaya ɗakunan. Yakan kunna fitilu, ya ja da baya ya duba ko haske na ƙyalli a kan gilashi, ya daidaita firam ɗin da ya karkace. Daga nan sai ya jawo benci zuwa tsakiyar ɗaki, domin kullum masu shara sai sun tura shi jikin bango. An ɗauke shi aiki ne don ya hana baƙi taɓa zane, kuma ya hana. A ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Sunan Baba Nuna-Min baƙi ne suka jawo masa. Yawancinsu kan shigo a ɗarare, kamar masu gaisuwar rasuwa a gidan da ba su san kowa ba. Su karanta 'yar takardar da ke gefen zane, su ce "ya yi kyau," su yi gaba. Nan yake tare su.

"Nuna min inda ya yi kyau."

Darasinsa ba shi da tsawo. A fara kallo, karatun takarda ya biyo baya. Ba dole ba ne a ga komai a zuwa ɗaya. A zaɓi zane guda a zauna gabansa. Wanda bai yi wa mutum ba, ya faɗa. "Zane ba surukinka ba ne," in ji shi, "ba sai ka yi masa kara ba."

Wata matashiyar mai zane ta ba da labarin ranar da aka fara rataye aikinta a zauren. Mahaifinta mai walda ne, kuma a wurinsa zane wasan yara ne da ya ƙi ƙarewa. Mahaifiyarta ce ta matsa masa ya zo. Ita kuwa 'yar ta riga ta yanke a ranta cewa idan ya wuce aikin kamar yadda kowa ke wucewa, ta bar burushi ke nan.

Mahaifin ya shigo da tufafin aikinsa a jiki, ya tsaya gaban zanen: baƙaƙen layuka masu kauri a tsaye, farin haske na ɓullowa ta tsakaninsu. Ya ce, "Ya yi kyau," ya juya neman ƙofa.

"Malam, nuna min," in ji Baba.

"Ni fa ban yi wannan karatun ba. Ƙarfe na sani."

"Ni ma gadi na sani. Zauna, benci ba ya cizo."

"Na bar aiki a shago."

"Ƙarfen ba zai gudu ba. Me ka fara gani?"

"Duhu."

"Sai me?"

Mai walda ya zauna, ya ƙura wa zanen ido. Baba bai katse shi ba. Ya koma gefe ya goye hannu. 'Yar tana bakin ƙofa, ta kasa shiga, ta kasa fita.

"Wannan hasken ba na rana ba ne," in ji mahaifin daga ƙarshe. "Yana da shuɗi a baki-baki. Wutar walda ce." Ya matsa gaba a kan bencin, ya ƙirga layukan da ido. Sai ya ɗaga tafin hannunsa ya rufe fuska, ya ɗan ware yatsu, ya leƙa.

Tun tana ƙarama, in ta kawo masa abinci shago, tsawa ɗaya yake yi mata: "Rufe idonki!"

Ya sauke hannun, ya waiwaya ya same ta.

"Ke! Ashe duk shekarun nan leƙe kike yi?"

"Ina yi, Abba."

"Ja'ira. Da kin makance fa?" Ya matsa mata wuri. "Zo ki zauna. Wannan tartsatsin na ƙasa, ba haka yake faɗuwa ba. Bari in gaya miki."

Har yau tana zane.

Baba, kai ne ba ka taɓa gaya wa baƙo abin da zane yake nufi ba, ko da ka sani. Kai ne mai riƙe mutum da tambaya har idonsa ya gama gudu. Masu zane sun samu suna a jikin bangon nan, kai ka samu ciwon ƙafa, kuma ba a ji ka yi ƙorafi ba. Mun gode. Allah ya sa hutu ya karɓe ka, ya saka maka da alheri.

Shugabannin zauren za su ɗauki sabon mai gadi, kuma ba za a rasa mai hana taɓa zane ba. Sauran aikin ya dawo kan masu ziyara. Wanda ya je da mahaifiyarsa, ko ƙanwarsa, ko abokin da ke cewa shi bai iya irin wannan kallon ba, kada ya yi masa lacca, kada kuma ya ja shi ɗaki na gaba. Ya tambaye shi abin da ya gani, sannan ya yi haƙurin jiran amsa.