Yaron Cikin Kwamfuta Da Yaya Rifkatu Ba Ta Gani Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rifkatu. A bana na fi jin rashinta, domin na ga wani abu da ita ce ta cancanci fara ganinsa.

Yaya ma'aikaciyar ɗakin hoto ce a wani asibiti a nan Abuja, kullum daga Jikwoyi take shiga bas. Babu abin da ke tayar mata da hankali kamar a kawo mata ƙaramin yaro. Hasken da na'urar hoton ke harbawa cikin jiki yana da illa idan ya yi yawa. Idan kuma aka rage shi sosai, hoton ya fito dishi-dishi, dole a sake. Ta taɓa dawowa gida ta ƙi cin abinci saboda wani jariri mai tari da ta yi ta sake wa hoto, har uwarsa ta fara tambaya ko lafiya. Tun daga ranar, duk sanda aka gyara na'ura sai ta aike ni kasuwar Zuba in sayo kankana, ta haɗa da ƙashin saniya da jarkar ruwa, ta gwada na'urar a kansu a madadin jikin yaro kafin ta yarda a kwantar da ɗan kowa. Abokan aikinta suna dariya, ita ma tana taya su, amma ba ta fasa ba.

Watan jiya 'yarta Jummai, wadda ta karanci kimiyyar na'urorin asibiti, ta ce lallai in zo wurin aikinsu a Wuse. Ta zaunar da ni gaban kwamfuta ta ce, "Kawu, duba nan."

Yaro na gani. Ga haƙarƙari, ga huhu yana kumbura yana saɓewa, ga zuciya tana bugawa. Ba ɗan kowa ba ne, gina shi aka yi a cikin kwamfuta. Jummai ta sa masa ɗan tabo a huhu, ta umarci kwamfutar ta ɗauke shi hoto yadda na'urar gaske za ta yi. Hoton ya fito, tare da adadin hasken da kowace gaɓa ta sha. Ta yi ta ragewa tana sake ɗauka har tabon ya ɓace, sannan ta ƙara kaɗan ya dawo. Nan ne iyakar da uwarta ta yi shekaru tana lalube. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Ta bayyana mini cewa yanzu suna rage masa jiki ne ya yi kama da yaran da ciwo ya ramar, irin waɗanda aka fi kawowa ɗakin hoto.

Me Yaya za ta ce? Na san ba tafi za ta fara yi ba. Gyara tabarau za ta yi ta tambaya ko yaron yana mutsu-mutsu kamar na gaske. Sai na yi tambayar a madadinta. Jummai ta yi dariya har da hawaye.

"Ana iya motsa shi, Kawu. Kukan ne ba mu sa masa ba."

Sunan Rifkatu ba zai fito a wannan aiki ba, kuma ba za ta damu ba. Ta bar 'yar da ta gaji taurin kanta. Wata rana wata uwa za ta goya ɗanta ta fito daga ɗakin hoto bayan ɗauka guda, ta tsaya a bakin titi tana jiran bas, ba ta ma san an taɓa ƙin cin abinci saboda ita ba.