Na Maida Setin, Lawwali

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina cikin karyawa yau da safe Shamsu mai shagon gem ya kira ni. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Kabiru, Lawwali ya rasu."

Na ce wane Lawwalin? Alhali shi kaɗai gare mu.

Zazzaɓi ne. Ya tafi ƙauyensu can bayan Tsaskiya taya mahaifinsa yankan gero, ya kwanta, bai tashi ba. Kafin labari ya iso Batsari har an kai shi makwancinsa. Ko sallarsa ban samu ba.

Masu bina a shafin nan kun san shi ko ba ku taɓa ganin fuskarsa ba. Shi ne Sarkin Katun, wanda muke cika muku ido da musu a ƙarƙashin duk abin da na ɗora.

Musun namu guda ne, kuma ba ya tsufa. Ni gem ɗin faɗan da nake so shi ne wanda in ka kalla sai ka rantse mutane ne na gaske, gumi na tsattsafowa, jijiyar wuya ta miƙe, riga na yagewa. Girafik ke nan a wurina. Shi kuwa sai tsofaffin nan na zane irin na katun, masu ƙaton damtse da ɗan mitsitsin kai, launi kamar atamfar sallah.

In na ce masa wannan na yara ne, sai ya ce, "Naka hoto ne, nawa zane. Hoto ai inji ke yi, zane kau sai mai hannu."

Mai fenti ne, shi ke rubuta allunan shaguna. Ana tsakiyar dambe sai ya tsayar da gem, ya matso da fuska jikin allon talabijin, ya ce, "Ku dubi layin ga don Allah, ja guda ya yi mai." Mu yi ta masifa, shi ko a jikinsa.

Allon shagona na cajin waya shi ya zana. Ban sa shi ba, da safe kawai na tarar da shi a kan benci da gwangwanin fenti.

A shagon Shamsu akwai hannun gem ɗaya mai maƙalewa, kowa gudunsa yake. Kullum shi Lawwali ke ɗauka ya bar mini mai kyan, kuma ya lallasa ni da shi. In ya ga mutane sun fara yi mini dariya, sai ya sakar mini zagaye ɗaya don kada in tashi da kunya. Ya ɗauka ban gane ba.

Shagon nan yana da wata ƙa'ida da ba wanda ya taɓa faɗa da baki. Jini a kashe yake a cikin setin gem ɗin, kuma ba mai yin bugun ƙarshen nan da ake farke mutum. Dalili kowa ya sani. Shekarun baya da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu, Lawwali ne ya goyo ƙanensa Mudi a babur zuwa asibiti. Ya iso riga sharkaf da jini, Mudi kuwa rai ya yi halinsa a hanya.

Na san wannan. Ba zan ce muku ban sani ba.

Gab da tafiyarsa ƙauye Shamsu ya kawo sabuwar na'ura. Shago ya cika maƙil, musu ya tashi kamar kullum, na ce yau dai za a yi ta ta ƙare. Na shiga seti na kunna jinin. Shamsu ya kalle ni ya ce, "Kabiru." Na yi kamar ban ji ba.

Ranar ni na ci Lawwali. Kuma na yi bugun ƙarshen, har ƙarshensa. Shago ya ɗauki ihu. Na juya ina washe baki na ce, "To Sarkin Katun, zanenka zai iya wannan?"

Bai ɗauke ido daga allon ba sai da aka gama nunawa. Sannan ya ajiye hannun gem ɗin a hankali a kan benci.

Ya ce, "A'a, bai iyawa. Sun ƙware ƙwarai, haka yake hita. Ƙarnin ne kawai ba su sa ba."

Ya sa takalmansa ya fita.

Wallahi tun a lokacin na san na yi ɓarna. Amma na ce bari dai ya huce, gobe ma rana ce.

Ganina da shi na ƙarshe a tasha ne, ranar kasuwa, yana ɗaure jaka a bayan babur. Na nufe shi da "ka yafe mini" a bakina. Da na isa, abin da ya fito shi ne, "Sarkin Katun, an gudu ke nan?"

Ya yi dariya. Ya zuba mini dafaffiyar gyaɗa a hannu, ya ce, "Kabiru, ka maida setin can yadda yake. Ba don ni ba. Akwai irina da yawa cikin shagon ga, magana ce kawai ba su yi."

Na ce sai ka dawo ka maida da hannunka.

Ya ce, "Allah shi kai mu."

Ban maida ba. Girman kai ne, ba wani abu ba. Shamsu kuma ya ƙi taɓawa, ya ce wanda ya kunna shi zai kashe.

Yau da na ajiye waya shagon Shamsu na wuce kai tsaye. Ba mai buga komai, kowa ya yi tagumi. Na roƙi Shamsu ya kunna na'urar, na shiga seti na kashe jinin. Abin da bai fi ƙiftawar ido ba, shi na kasa yi yana raye.

Da na ɗago sai na ga Buhari, wani abokin wasanmu mutumin Yasore, ƙauyen da shi ma ya sha harin 'yan bindiga. Tun da na kunna jinin nan nake ganinsa yana zama a waje bakin ƙofa, ni kuwa na ɗauka zafin shago ke korarsa. Ya taso ya shigo, ya zauna a bencin Lawwali, ya ce mini, "Allah shi biya."

Nan ne kuka ya ƙwace mini.

Gobe in Allah ya yarda za mu je ta'aziyya da Shamsu. Ban san da wane ido zan kalli mahaifinsa ba. Ban kuma san ko Lawwali ya yafe mini ba. Ya yi mini dariya a tasha, amma Lawwali kowa yake yi wa dariya.

Ya Allah Ka jiƙan Lawwali, Ka haskaka kabarinsa, Ka haɗa shi da Mudi a Aljanna Firdausi inda ba zai sake ganin abin da ya gani ba. Ka ba iyayensa haƙurin rashin 'ya'ya biyu.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya tsaya ya yi musu addu'a, shi da ƙanensa. In kun gama, ni ma ku roƙa mini Allah Ya sa dariyar nan ta tasha yafiya ce.