Kaza a Cikin Janareta

Jama'a, yau kaza ce ta cece ni!

Kun san ni ke kula da shafin intanet na makarantarmu a Narayi. Mako mai zuwa iyaye za su duba sakamakon yara, shi ya sa nake neman kamfanin da zai ajiye mana sabarmu, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin. Biyu na ware. Na farko ofis fes, sanyi kamar firij. Har na zaro biro!

Sai Baba Yohanna direbanmu, tsohon mai gyaran wuta a masaƙa, ya ce, "Oga, dakata. Mu a masaƙa ba ma yarda da wuri sai mun ga janaretansa."

Manajan kamfanin ya ce, "Haba Baba, kullum muna tayar da shi."

Muka zaga baya. Baba ya ɗaga murfin janaretan. Kaza ta yi fir ta fito! Ga ƙwai har sun fara ƙyanƙyashewa!

Baba ya ce, "Manaja, sati uku kenan ba ku tayar da shi ba."

Muka wuce kamfani na biyu. Baba ya taɓa janaretansu, ya janye hannu da sauri saboda zafi.

Ya ce, "Oga, sa hannu."