Zanen Auta na Bakin Dam

Autarmu ta koyi zane da fentin mai a makaranta, tun daga nan ɗakinta na Kano ya koma warin gareji. Ni dai har yau ban gane amfanin fentin da zai yi mako bai bushe ba. Mayafaina nawa ta ɓata da shi, ko haƙuri ba ta taɓa ba ni ba.

Bara da bazara ta ce za ta kai wa Baba zane garinmu Tiga. Na yi dariya har da riƙe ciki. Baba malamin allo ne, bai taɓa yarda hoton mai rai ya kwana a gidansa ba. Kalanda ma in aka ba shi, sai ya sa almakashi ya yanke mutanen ya bar kwanakin. Shi ya sa Inna ta rasu ba mu da hotonta ko ɗaya. Auta ta san duk wannan, amma ta ƙwallafa rai ko sau ɗaya ya dubi aikin hannunta, ya bar shi a bangon ɗakinsa.

Sai ta yi dabara. Ta zana bakin dam yadda muka san shi muna yara, ranar Alhamis da ba a karatu, lokacin da zafi yake koro mu daga gida mu bi Inna wanki. Ga faffaɗan dutsen da muke shanya a kai, ga takalmanmu na roba a warwatse, ga kwale-kwalen masunta a ɗaure, ga bishiyar mangwaron da muka addaba da jifa. Mutum kuwa babu, ko tsuntsu ba ta sa ba. Da na gani sai da na ji ƙamshin sabulun wanki, amma ban faɗa mata ba, kada kanta ya kumbura.

A mota ta rungume zanen kamar jinjiri, fentin bai gama bushewa ba. Kafin mu sauka, wani bawan Allah mai farar riga ya samu koren fenti a gwiwar hannu bai sani ba. Muka kau da kai kamar ba mu gani ba.

Bayan la'asar muka durƙusa muka gaida Baba. Auta ta jingina zanen da bango.

"Allah ya gafarta Malam," na ce, don in sassauta zaman, "ga tsarabar ɗiyarka. A duba da kyau, ko ƙuda babu."

Ya sa tabarau, ya matso. Ya daɗe yana kallo har na fara neman hanyar fita. Can ya nuna gindin mangwaron, inda Auta ta zana tabarma da ƙwarya, ba kowa a kai.

"Nan mahaifiyarku take zama in ta gama shanya."

"Nan ne, Baba," in ji Auta.

"Tana ɗan karkata hagu, saboda bayanta."

Ban taɓa sanin ya lura da wannan ba, don shi can nesa yake zama da carbinsa yana yi mana tsawa kada mu yi nisa cikin ruwa. Tausayinsa ya kama ni, na sunkuyar da kai.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya yi gyaran murya irin ta mai shirin ba da fatawa.

"Auta, kin zo da kayan aikin naki?"

"Suna jaka, Baba."

"To, ita inuwa ai ba ta da rai," ya ce, bai dubi kowa a cikinmu ba. "Ki sa mata inuwarta a kan tabarmar nan. Ki karkata ta hagu."