Zuleide da Paixão, Mawaƙiyar Penedo (1938–2011)

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Zuleide Amorim da Paixão ranar 14 ga watan Agusta, shekarar 1938, a garin Penedo da ke jihar Alagoas a ƙasar Brazil. Mahaifinta, Anacleto, matuƙin jirgin fito ne a kogin São Francisco, mahaifiyarta Dona Filomena kuwa ɗinki take yi. Ta yi karatun firamare na shekara biyar a makarantar coci, inda aka sa ta cikin masu rera waƙoƙin ibada, kuma tun a lokacin ta fara tsara baitocinta.

Aure da Hijira

A shekarar 1958 ta auri Osvaldo Tenório, makaɗin jita da ta haɗu da shi a gidan rediyon Maceió, babban birnin jihar, suka ƙaura zuwa Rio de Janeiro. A 1960 wani kamfanin faifai ya amince ya ɗauki waƙoƙinta, amma bisa sharaɗi guda. Manajan ya ce mata, "Baiwar Allah, ke dai ki rera. Wa zai sayi waƙar samba idan ya ji mace ce ta tsara?" Saboda haka aka rubuta sunan Osvaldo a matsayin marubuci, kuma haka al'amarin ya ci gaba har tsawon shekara goma sha biyu, ta yi faifai tara, ƙasa duka tana yabon hikimar mijinta.

Bayyanar Gaskiya

A watan Yuni na 1972 aka gayyaci ma'auratan wani shirin talabijin domin karrama Osvaldo. Da mai gabatarwa ya nemi ya faɗi sirrin fasaharsa, sai ya ajiye jitar ya ce, "Malam, ni ko takardar cefane ba na iya rubutawa daidai. Ga mai waƙoƙin nan zaune, tambaye ta."

Zuleide, wadda bai shawarce ta ba, ta dube shi ta ce, "Shekara goma sha biyu kana shan tafina, Osvaldo, sai yau ya ishe ka?"

Kamfanin ya soke yarjejeniyarsu cikin mako guda. Jaridu suka yi ta yi wa Osvaldo ba'a, makaɗa suka daina kiransa aiki, ita kuma ta shekara huɗu ba ta yi faifai ba. Sai a 1975 kotu ta yanke hukuncin mayar da sunanta kan waƙoƙi tamanin da huɗu, bayan mijin ya ba da shaida a kan kansa.

Shahara da Ƙarshen Rayuwa

Faifanta na 1976, na farko da ya fito da sunanta, shi ne ya kai ta Lisbon da Luanda da Paris. Osvaldo ya ci gaba da kaɗa mata jita har rasuwarsa a 1994, kuma daga wannan shekara ba ta sake hawa dandali ba, illa dai ta ci gaba da tsara wa matasan mawaƙa waƙoƙi. A 2003 ta koma Penedo da zama.

Rasuwa

Ta rasu ranar Lahadi, 6 ga watan Maris, 2011, bayan jinyar ciwon zuciya, tana da shekara saba'in da biyu. Jana'izarta ta faɗo a tsakiyar bikin Kanibal, bikin kaɗe-kaɗe da raye-raye da ake yi a tituna kowace shekara. A hanyar maƙabarta masu ɗauke da akwatin gawar suka ci karo da wata tawagar makaɗa. Da makaɗan suka ji ko wace ce, sai suka rungume gangunansu, suka bi gawar shiru cikin kayan bikinsu har aka rufe ta.

Ta bar 'ya'ya uku: Lindalva, malamar makaranta, da Jurandir, likitan haƙori, da auta Iracema, mai aikin jinya, wadda ta kula da ita har ranar ƙarshe.