Hanyar da Garba Lome Ya Buɗe a Cikin Gero

Da safen nan ina zaune a barandar asibiti a Ɗambatta ina hura shayi, waya ta shigo daga gida. Alhaji Garba Lome ya rasu.

Na ce wane Garban? Na san wanda ake nufi. Bakina ne kawai ya tambaya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jiya jiyan nan na sa hoton jikata a shafin nan, kuka yi ta yi min barka har yatsana ya gaji da amsawa. Hannun nan mai agogo da kuka gani yana tallafe da kan jaririyar, nasa ne.

Ga waɗanda ba su san shi ba, abokina ne tun muna kiwon awaki a ƙauyenmu, tsakanin Kunci da Ɗambatta. Ɗansa Nura ne yake auren autata Hindatu. Jikar nan tamu ce mu biyu.

Ni na zauna gida na riƙe fartanya. Shi ya bi motar shanu ya yi kudu, bai tsaya ba sai da ƙasa ta ƙare masa a Lome. Ya yi yaron mota, ya yi direba, daga baya ya zama jagoran baƙi.

Akwai wasu manyan jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido, kowanne kamar unguwa guda a kan teku, da ɗakunan kwana da wurin cin abinci. Su tsaya a tasha da safe, kafin magariba sun tashi. A cikin fasinjojin akwai waɗanda ba sa son a loda su a doguwar bas. Sun fi son mota tasu su kaɗai, miji da mata ko iyali guda, da mutum ɗaya wanda ya san gari ya zaga da su ya dawo da su kan lokaci. Aikin Garba ke nan.

Na taɓa kai masa ziyara bayan bikin yaran. Lokacin ban daɗe da shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci ba, da furfurata da komai. Tun daga nan ya laƙaba min Farfesa, bai sake kirana da sunana ba.

A ƙofar tashar jirgi ya miƙo min allon da ake rubuta sunan baƙi. "Riƙe, Farfesa. Kai ne mai boko." Na tsaya ina harhaɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, gumi yana keto min. Da wasu tsofaffin Turawa biyu suka fito na kira sunan, na tabbata ban kira shi daidai ba, don matar ta yi dariya. Garba ya gaya musu da Turanci wai ni malaminsa ne. Har yamma suna girmama ni.

Ya lura ina matse ido in zan karanta. Da zan dawo na tarar da tabarau a aljihun jakata. Da shi nake rubuta wannan.

Ranar mun kai Turawan nan babbar kasuwa wajen mata masu atamfa, mun kai su tsohon coci, mun kai su kasuwar bokaye inda ake jera busassun kawunan birai, mun ƙare a bakin teku wajen masunta. Duk inda aka sauka, Garba a baya yake tafiya. Ya ce wanda yake gaba ba ya ganin wanda ya ɓace.

Amma abin da ya fi zauna min a rai shi ne ranar da ta gabaci wannan. Ya ɗauke ni a mota ba baƙo ko ɗaya, muka bi duk hanyar da za a bi gobe, yana duba agogo. Na ce wannan ai ɓarnar mai ce. Ya ce gari yana canzawa a kwana ɗaya, inda ka wuce jiya yau ka tarar an haƙa rami ko an kafa rumfar biki. Ya ce ya taɓa ganin wani tsoho da jagoransa ya makara da shi, yana tsaye a bakin tasha da hular rana a hannu, jirgin yana ƙanƙancewa a teku, matarsa da magungunansa duk suna ciki. Ya ce tun ranar ba ya ɗaukar baƙo sai ya fara bin hanyar shi kaɗai.

Muka bi ta asibiti. Daga nan ya zaga bayan asibitin, ya rage gudu a gaban wani farin gini maras taga, inda ake ajiye gawa.

Na ce, "Nan fa? Har nan ake kawo su kallo?"

Ya ce, "Baƙina tsofaffi ne, Farfesa. Dole in san ko'ina."

Na yi dariya a lokacin.

Hindatu ta daɗe da aure ba haihuwa. Ciki ya zo ya zube, ya sake zuwa ya zube. Wannan karon Allah ya zaunar da shi, aka ce ta zo gida ta haihu a gaban uwarta. Nura ya so ya kawo ta, Garba ya hana. Ya ce shi ya ɗauko ta daga ƙofar gidana ranar biki, shi zai mai da ta. Damina kuma jirage ba su cika zuwa ba, aikin da ya rage Nura, da yake taya shi jagorancin, ya isa.

Ya kawo ta, ya share ɗakin marigayi mahaifinsa ya zauna. Tun daga nan ya fara halin nasa. Ya nemi direban da zai kai ta asibiti in naƙuda ta tashi, suka yi ta bin hanyar Ɗambatta tare. Ya gano kwarin da yake cika in an yi ruwa, ya tara samari suka zuba duwatsu. Mutanen gari suna tsokanarsa, wai Ciyaman ya zo duba aiki. Ni kam daɗi nake ji.

Makon jiya da hantsi ina hanyar gona na hango shi ya shiga gonar Malam Hudu, maƙwabcinmu, da adda a hannu. Na bi shi in yi masa tsiya.

Geron bana ya fi mutum tsawo. Ina jin saransa ban gan shi ba. Da na ɓullo na tarar ya janye ƙayar da aka toshe shinge da ita, ya sassare rassan da suka rufe tsohuwar hanyar ƙafa. Bai san ina bayansa ba. Ya ware hannuwansa biyu yana auna faɗin wurin. Sai ya ajiye addar, ya ɗaga hannun dama ya riƙe shi daidai kafaɗa kamar mai tallafe da wani abu, ya fara tafiya a hankali. Ya je kwana, ya tsaya, ya ja da baya, ya sake gwada juyawa. Ya duba agogo.

Hanyar nan ba ta zuwa gidan kowa. Maƙabarta take zuwa.

Hindatu ce ta faɗo min a rai. Da safen ranar na ga Hindatu ta kasa sa takalmi saboda kumburi.

Na ce, "Garba, me kake yi a nan?"

Bai firgita ba. Ya ce, "Babbar hanya tana cin ruwa a gindin tsamiya. In aka yi ruwa mai ƙarfi ba mai wucewa da kaya a kafaɗa."

"Wane kaya?"

Ya sunkuya ya ɗauki addarsa.

Na ce, "Likitocin Lome sun faɗa maka wani abu a kan yarinyar nan ne ka ɓoye min? Ka dubi Allah ka gaya min."

"Farfesa, karatun nan ya fara yi maka yawa. Hanya ce kawai. Ina so in san ta."

"Ka san ta don wa?"

Ya dubi geron. Sannan ya ce, "Ba a turo min sunan ba. A tashar jirgi ma wani lokacin sai da safe ake turowa."

Na juya na bar shi a wurin. Ban gaya wa uwar Hindatu ba. Kwanakin da suka biyo baya, in yarinyar ta yi tari a ɗaki sai in tashi in leƙa ta. Shi kuwa kullum ya zo da yamma ya zauna a zaure, ya tambayi jikinta, ya ci tuwonsa ya tafi.

Shekaranjiya naƙuda ta tashi ana tsuga ruwa. Motar ta haye kwarin nan a kan duwatsun da ya sa aka zuba. A asibiti suka ce sai an yi tiyata. Na sa hannu a takarda da kaina, ba dangwale ba.

Da aka fito aka ce mace ce, tana da rai, wallahi ban san lokacin da na fara rawa a baranda ba. Wata nas ta ce, "Baba, nan fa asibiti ne." Na ce 'yata, ki bar ni, na daɗe ina bin bashin rawar nan a ƙafata. Har yanzu da nake rubutu, in na tuna fuskar jaririyar sai in ji murmushi ya kufce min, sai kuma in ji kunya.

Hindatu dai ta zubar da jini da yawa. An yi mata ƙari. Likita ya ce da sauƙi, amma ba zai sallame ta ba sai ya ga yadda jikin zai yi.

Jiya da la'asar Garba ya zo. Shi ya karɓi jaririyar ya yi mata kiran salla a kunne, ya tauna dabino ya shafa mata a baki. Ya ce, "To, na yi amarya."

Na ce, "Da wane haƙorin? Dabinon ma da ƙyar ka tauna. Tawa ce."

Ya ce, "Bar ta ta girma ta zaɓa. Mai mota ko mai jaki."

Ya matsa bakin gadon Hindatu. Ta ce, "Baba, sannu da ɗawainiya." Muryarta can ƙasa.

Ya ce, "Na sauke ki lafiya ko ban sauke ki ba?"

"Lafiya lau, Baba."

"To in kin warke ki shiga waya ki ba ni tauraro biyar, kamar yadda Turawa suke yi."

Ta yi dariya har ta riƙe ɗinkin.

Na raka shi bakin get. Hadari ya haɗo ta gabas. Na ce ya kwana a Ɗambatta, akwai wuri a gidan ƙanina. Ya duba agogo ya ce, "A'a, bari in koma. Kada a zo a tarar ba na nan."

Na ce wa zai zo? Ɗan acaɓan da ya hau ya riga ya ja.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ƙanwarsa ce ta kai masa koko da safe ta tarar da shi a kan buzu, ya jingina da bango, carbi a hannu. Yana sanye da farar rigar nan mai aljihu biyu da yake sawa ranar da jirgi zai tsaya. Ban san ma ya taho da ita daga Lome ba.

Na isa gida ana gama yi masa sutura. An kwana ana ruwa. Da muka ɗauko makara muka nufi gindin tsamiya, ruwan ya kai ƙugu, yana gudu. Jama'a suka tsaya cirko-cirko. Sai Malam Hudu ya ce, "Ku biyo ta gonata. Marigayin ya riga ya roƙe ni."

Muka shiga cikin geron. Ƙafafu suna ƙara a laka, ganye yana shafar mutane. Ni ne a gaba ta dama. Da muka zo kwanar nan makarar ta juya, ko reshe ɗaya bai taɓa ta ba. A nan na lura da inda hannuna yake, daidai kafaɗa.

Bayan an rufe shi an yi addu'a, mutane suka fara watsewa. Malam Hudu ya jawo ni gefe ya ce, "Malam, akwai maganar da ya bar min. Ya ce in bar hanyar a buɗe har damina ta fita."

Na ce, "Har damina ta fita?"

"Haka ya ce."

Na tsaya sai da kowa ya wuce, saura ni da Malam Hudu. Na koma bakin shingen, na jawo ƙayar da ya janye, na mai da ita inda take. Ta soke ni a tafin hannu, ban daina ba. Na san abin da liman zai ce, ni ma na yi imani da shi, ƙaya ba ta tare ajali. Amma 'yata tana kwance da robar jini a hannu, ban iya na tafi na bar wurin a wangale ba.

Malam Hudu yana gefe yana kallona. Can ya je ya saro wani reshen magarya ya ƙara a kai.

Yanzu na dawo asibiti. Nura yana hanya, an gaya masa. Hindatu ba ta sani ba, wayarta tana hannun uwarta. Ɗazu ta ce, "Baba Garba bai zo ba yau?" Na ce hanya ta yi ruwa. Don Allah masu zuwa dubiya ku riƙe bakinku har likita ya ce jikinta zai ɗauka.

Allah ya jiƙan Garba, ya yafe masa, ya yalwata kabarinsa, ya sa ya tarar da masu tarbarsa da fara'a kamar yadda ya tarbi baƙin mutane shekara da shekaru.

Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa shi a addu'a. Ku haɗa da Hindatu, Allah ya tashe ta, ta shigo gidana da ƙafarta, da 'yarta a goye.